Wasiƙa zuwa Kumasi: Baturen da ya tare hanyar araba

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya. Mu ma nan Kaduna sai godiya.

Ka tambaye ni me ya hana Arewa ɓallewa a 1966, alhali kalmar araba ta cika bakin kowa. Dalilan suna da yawa, amma akwai mutum guda da ba a cika ambatonsa ba: Sir Francis Cumming-Bruce, jakadan Birtaniya a Legas a wancan lokaci.

An haife shi a 1912, ɗan tagwaye ne, ɗan'uwan nasa ya zama babban alƙali a Ingila. Ya yi karatu a Cambridge, sannan ya kama aikin hulɗa da ƙasashen renon Ingila. Har ƙasarku ya zauna, don shi ne mataimakin jakada a Accra lokacin da Ghana ta sami mulkin kai a 1957. Daga nan Kanada, sai New Zealand, sai aka turo shi Legas zamanin Tafawa Ɓalewa.

A gabansa aka yi juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, aka kashe Sardauna da Firayim Minista. A gabansa kuma sojojin Arewa suka rama ranar 29 ga Yuli, suka kashe Janar Ironsi a Ibadan. Su Murtala Muhammed ba mulki suke nema ba, tafiya gida suke so. Sun taru a barikin Ikeja, sun soma tura matansu da 'ya'yansu Arewa, ƙasa ta kwana uku babu shugaba. A cikin kwanakin nan ne Cumming-Bruce da jakadan Amurka, Elbert Mathews, suka matsa wa Yakubu Gowon lamba kada a raba ƙasa, suka nuna masa cewa in Arewa ta ɓalle kada ta sa ran taimakonsu. Manyan sakatarorin gwamnati 'yan Najeriya ma sun yi ta roƙo, kada a danne musu haƙƙinsu. Ranar 1 ga Agusta Gowon ya yi jawabi a rediyo a matsayin sabon shugaban ƙasa, ya ce ginshiƙin haɗin kai ya raunana, amma bai furta ɓallewa ba.

Ni a ganina ba ƙaunarmu ce ta sa shi ba. Kamfanin Shell-BP na haƙar mai a Kudu, kamfanonin UAC da John Holt na da kantuna ko'ina, jakada kuwa dukiyar ƙasarsa aka turo shi ya tsare. Duk da haka gaskiya ya faɗa. Dalar gyaɗar Kano da audugar Funtuwa da fatunmu, duk jirgin ƙasa ke kai su bakin teku a Apapa ko Fatakwal. Da an ja iyaka a wannan makon, ta ina za su fita? Mutanen da ke cikin zafin rashin Sardauna ba su tsaya wannan lissafi ba, sai da baƙo ya yi musu.

Abin da ke ci mini rai shi ne, tare araba bai tare jini ba. A Satumba da Oktoba aka kashe Inyamurai masu yawa a garuruwanmu, abin kunya ne da bai kamata mu ɓoye wa 'ya'yanmu ba. A Yulin 1967 yaƙin basasa ya ɓarke, lokacin Sir David Hunt ya riga ya karɓi kujerar jakada daga hannun Cumming-Bruce.

Shi kuwa Cumming-Bruce an naɗa shi gwamnan tsibiran Bahamas daga 1968 zuwa 1972, ya gaji sarautar gidansu ta Lord Thurlow a 1971, ya rasu a 2013 yana da shekara 101.

Don Allah ka tambayi dattawan zango yadda labarin araba ya iso musu a lokacin, ka rubuto mini. Ka gaida Hajiya da yara, da duk mutanen majalisa.

Naka har kullum,
Amininka