Kafin a kai tsohuwar mota wurin fenti, a fara duba tsatsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana masu tsofaffin motoci, musamman mu na Jihar Kebbi, da mota guda ita ke kai taki fadama, ita ke kwaso shinkafa, ita ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti cikin dare.

Ina da Fijo 504 doguwa, irin wadda aka riƙa haɗawa a kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975. Na saye ta tun ina koyarwa, ga shi na yi ritaya tana hannuna. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, ɗan fansho irina ba ya zancen sauya mota. Wadda ke hannu ita za a lallaɓa. Injinta lafiya lau, makanike ko a ƙauye ya san kanta. Abin da ke neman raba ni da ita bodi ne, tsatsa ce.

Shekara uku da suka wuce na tara kuɗi na kai ta wurin wani mai fenti. Kwana biyu kacal ya ce in zo in ɗauka. Ta fito tana sheƙi, maƙwabta suka yi ta yi min barka. Damina ba ta ƙare ba sai na ga wasu ƙuraje sun feso a ƙasan ƙofofin baya. Na sa makulli na danna ɗaya, sai ga fila, wato ƙullun da ake cike lotsawar bodi da shi, ta ɓamɓaro kamar busasshen ƙanzo, ƙarƙashinta jar tsatsa jiƙe sharkaf, da rami wanda babban yatsana ya shige. Ashe bai kankare komai ba. Fila ya shafe a kan tsatsar, ya fesa fenti a sama, ya karɓi kuɗinsa. Ranar na ɗaga kafet ɗin baya, ta wani wurin har ina hango ƙasa. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin kuɗin nan na shinkafar da na sayar ne.

Wani dattijo mai walda ne ya buɗe min ido. Ya leƙa bayan motar, ya shafa hannu, ya ce, “Malam, mi kake ɗauka a nan?” Na ce taki. Ya ce to ga mai laifin. Takin zamani, ko yuriya ko NPK, yana jawo laima daga iska. In buhu ya ɗan yage ya zuba a lungu, zai narke ya zama ruwa mai gishiri-gishiri ya kwanta a kan ƙarfe. Tsatsa kuwa abu uku take buƙata, ƙarfe da ruwa da iska, gishiri kuma shi ke sa ta gudu. Haka ruwan ɗanyen kifi yake yi wa motocin masu jigila daga Yauri. Haka lakar fadama take yi in ta maƙale a cikin madigadi, ta yi makonni tana riƙe da danshi alhali saman motar ya bushe. Sai ruwan batir da ke ɗiga ya cinye mazauninsa. Masu motocin Kwatano ma kada su ce sun tsira. A ƙasashen Turai ana barbaɗa gishiri a kan titi lokacin sanyi don ya narkar da ƙanƙara, saboda haka da yawa daga cikinsu da ciwon suke zuwa a ƙarƙashi, sama kuwa kamar sabuwa.

Da shawarar dattijon nan na yi aikin da kaina, ni da ɗana, a ƙarƙashin rumfar ƙofar gida. Wurare biyu da suka huje shi ya yanke ya yi musu faci da ƙarfe, domin rami ba ya jin fila. Wannan kaɗai na biya kuɗin aiki a kai. Saura kuwa ƙarfin hannu ne da haƙuri.

Mun fara da wanke ta tas, har ƙarƙashi, muka ƙwaƙule lakar madigadi da sanda, muka cire kafet da kujerun baya, muka bar ta ta sha iska kwana biyu. Sannan burushin ƙarfe da sanfefa mai kaushi. Nan ne aikin yake, kuma nan ne masu gaggawa suke tsallakewa. Duk inda tsatsa ta taɓa sai an goge har farin ƙarfe ya bayyana, a ƙara da kamar faɗin yatsa biyu a kewaye, saboda tana bin ƙarƙashin fenti ne tana tafiya a ɓoye. Kwana huɗu muka yi muna wannan, hannuna har ya yi kanta. Inda ƙarfen ya yi zanzana, sanfefa ba ta kai ciki, na shafa ruwan kashe tsatsa da masu sayar da fenti ke da shi, wanda ke mayar da ita baƙa. Da an gama goge wuri a share shi da tsumma da tina, wato ruwan sassauta fenti, a shafa jan fentin ƙasa, wanda suke kira red oksaid, a ranar. In aka bar farin ƙarfe ya kwana a buɗe, raɓar dare kaɗai ta isa ta dawo da shi ja.

Jan fentin nan shi ne garkuwar. Mun shafa shi sau biyu, siriri-siriri, muna barin kwana guda a tsakani. Fila kuwa ɗan kaɗan muka sa, don daidaita wurin facin, a kan ƙarfe mai tsabta. Fentin sama na mai ne, wanda ake sayarwa a gwangwani, muka sassauta shi da tina, muka shafa da ƙaramin abin mirginawa mai soso da burushi mai laushi, sau uku, muna bi da sanfefa mai laushi da ruwa bayan kowane shafi ya bushe. Na bar ta a farin da ke rubuce cikin takardunta, don kada a tsayar da ni a hanya ana tambayata. Ƙarƙashinta da cikin madigadi da daɓen baya muka shafe da baƙin fenti mai kwalta. Akwai 'yan ƙananan huji a ƙasan kowace ƙofa da kamfani ya yi don ruwa ya riƙa fita. Nawa duk ƙasa da tsohon fenti sun toshe su, shi ya sa ruwa ke kwana a cikin ƙofar. Da waya muka buɗe su.

Lokaci ma abin lura ne. Mun yi namu a ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, hazo bai sauka ba. Da damina fenti ba ya bushewa da kyau, da hunturu ƙura ke manne masa, da bazara kuma bodin mota yakan yi zafin da fenti zai bushe a bakin burushi ya bar sawu. Da safe muke yi, a inuwa, mu yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta.

Ina roƙon duk mai yin wannan aiki da ya kori yara daga wurin, ya rufe hanci da baki. Tsohon fenti na iya ƙunsar dalma, kuma mun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a 2010. Can daga haƙar zinariya ce, amma gubar ɗaya ce, kuma ta ƙura take shiga jiki. Mu muna jiƙa sanfefa, mu share garin mu binne shi nesa da inda ake girki. Tina kuma tana kama wuta, kada a ajiye ta kusa da murhu. In tsatsa ta kai ga ƙashin motar, ko mazaunin shokozoba, ko bututun birki, wannan ya wuce fenti, a kai wa mai walda da makanike, rayuka ne a ciki.

Gaba ɗaya abin da na kashe bai kai rabin abin da mai fentin farko ya karɓa ba. Wanda ya matso kusa zai ga sawun burushi a murfin gaba, ba ta da sheƙin fentin inji, kuma ban damu ba. Damina biyu ke nan ta wuce ba ƙurji ko ɗaya. Yanzu kafin in ɗora buhun taki sai na shimfiɗa leda mai kauri, in na sauke in share in wanke.

Ga masu fentinmu, akwai masu amana da yawa a cikinku, kuma na san wani lokacin mu ne muke matsa muku da cewa a yi da arha, a yi da sauri. Ku faɗa wa mai mota gaskiya cewa kankarar tsatsa na cin kwanaki, ku yanka kuɗinta daban, ya zaɓa da idonsa a buɗe. Mai mota kuma ya je ya ga farin ƙarfe da jan fenti da kansa kafin a rufe. Ina kuma kira ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, da makarantun koyon sana'a na jiha, su shirya ɗan gajeren horo ga yaran da ke gareji a kan gyaran bodi da kariyar tsatsa, a yi shi da Hausa, a kuma sa lokacinsa bayan girbi.

Na gode.

Tsohon malamin makaranta,
Argungu, Jihar Kebbi.