Wasiƙa zuwa ga masu akwatin kifin teku a Maradi, game da yoyo

Assalamu alaikum.

Alhazai da Hajiyoyi, masu gidaje da masu otel da ofisoshin da muka kafa wa akwatin kifin ruwan gishiri, muna gaishe ku, da fatan kuna lafiya ku da iyali. Hunturu ya ja baya, bazara ta kunno kai, kuma kowa ya san halin Maris zuwa Mayu a garin nan: zafi ya haura digiri 40, wuta ta zo ta tafi. A waɗannan watanni ne kiran yoyo ya fi yawa a shagonmu, shi ya sa muka ga ya dace mu rubuto muku tun da wuri.

Roƙonmu ɗaya ne. In kun ga ɗigo a ƙarƙashin akwati, ko farin ɓawon gishiri ya taru a mahaɗar tiyo, don Allah kada a shafa masa silikon, kada kuma a ɗaure shi da roba irin yadda ake ɗaure tiyon tsakar gida. A kira mu, ko a yi gyaran a kan ƙa'ida.

Ɗigo ba ƙaramin abu ba ne. Ɗigo 20 wajen mililita 1 ne, saboda haka mahaɗar da ke ɗigo sau ɗaya kowace daƙiƙa tana zubar da fiye da lita 4 a kwana guda. Ɓarnar ba a kan katakon kabad ta tsaya ba. Ruwan akwatinku yana ɗauke da gishiri wajen giram 35 a kowace lita, daidai da teku. Idan zafi ya shanye ruwa, gishirin yana nan bai je ko'ina ba, don haka muke cewa a cika da ruwan da aka tace, marar gishiri. Amma ruwan yoyo da gishirinsa yake fita. Mai akwati ya ga ruwa ya ragu, ya ɗauka zafi ne, ya ƙara ruwan daɗi, gobe ma haka. Waɗanda muka sa wa na'urar da ke cika ruwa da kanta ma abin ya fi ɓoyuwa, domin ba za su taɓa ganin ruwa ya ragu ba. A hankali ma'aunin gishiri ya sauka daga 1.025 inda ya kamata ya tsaya, murjani (halittar teku mai rai da ke manne a jikin dutse) ya daina buɗewa, jatan lande ya mutu, a rasa dalili. Gishirin kuwa kun san daga nesa yake zuwa kuma da tsada, tun da na Bilma da na miya ba za su maye gurbinsa ba, ba su da sinadaran kalsiyam da maganiziyam gwargwadon yadda murjani ke bukata. Duk wanda ya ga yana ƙara ruwa fiye da yadda ya saba, ya auna gishiri ran nan.

Kafin a kwance komai, a tabbatar yoyo ne. Tankin ƙasa, wato wanda ke cikin kabad ƙarƙashin akwati, yana fantsama, ruwan da ke faɗowa daga sama yana tartsatsi, shi ma yana barin farin gishiri. A goge tiyo gaba ɗaya ya bushe, a naɗa takarda mai laushi a kowace mahaɗa, a dawo bayan awa ɗaya. A fara dubawa daga sama, domin ruwa yana bin jikin tiyo ya gangaro, inda yake ɗiga ba lallai nan ne inda yake fita ba.

Wurin da ya fi ba mu aiki shi ne mahaɗin da ya ratsa gilashi, wanda ke fitar da ruwa daga akwatin magudana, inda ruwan saman akwati ke malala, zuwa tankin ƙasa. Abu uku ne: jiki mai faɗin kai, zoben roba, da noti. Zoben roba wurinsa tsakanin faɗin kan da gilashi ne, ba gefen noti ba. In aka sa shi gefen noti, ruwa zai bi haƙoran murɗi ya fito ko da an ɗaure har hannu ya yi ciwo. Ɗaurinsa kuwa da hannu ne, sai a ƙara kwatan zagaye, shi ke nan. Mun san mai gyaran famfo ya saba da babban sifana, a ganinsa yoyo ƙarin ƙarfi yake so. A nan ƙarfi shi ne ɓarna: zoben ya murɗe ya fito gefe, noti ya tsage, wani lokaci gilashin kansa ya tsage daga bakin rami, wannan kuwa ba ya gyaruwa. Sau da yawa ƙwayar yashi ɗaya ce ta shiga ƙarƙashin zoben. A rage ruwa har ƙasa da ramin, a kwance, a wanke gilashi da zobe tas, a mayar a bushe ba tare da shafa komai ba. In zoben ya taurare ko ya yi tsaga-tsaga, a canja shi. Sannan a duba ko nauyin tiyo yana rataye a wuyan mahaɗin. Tiyon da ba a ɗaure shi a jikin kabad ba yana jan mahaɗin gefe kullum, yoyon zai dawo.

Mahaɗa mai murɗi farin zaren teflon take so, a naɗa shi ta fuskar da ake murɗawa. Ita ma in an matsa mata sai macen, wato ɓangaren da ake murɗa ɗayan a ciki, ta tsage, siririn tsagi da ido bai cika gani ba sai ruwa ya nuna shi.

Mahaɗar da aka liƙa da gam ɗin PVC kuwa, in ta fara yoyo, magani ɗaya gare ta: a yanke, a sa sabuwa. Gam ɗin nan narkar da fuskar tiyo yake yi su haɗe su zama abu guda, shafa shi ta waje a kan jiƙaƙƙen tiyo ba ya yin komai. A yanke tiyo daidai ba a karkace ba, a kankare bakin, a goge ƙurar hunturu da maiƙo, a shafa gam a duka ɓangarorin biyu, a tura har ƙarshe a ɗan murɗa, a riƙe daƙiƙa 30 don kada ya turo kansa waje. Cikin zafin Afrilu gam yana bushewa kafin a kai ga haɗawa, saboda haka a yi shi da sassafe ko a ɗaki mai sanyi. Mu muna barinsa awa 24 kafin ruwan kifi ya bi ta ciki. In za a yanke ɗin, muna ba da shawarar a ƙara mahaɗa mai kwancewa da bawul na roba a wurin, don gaba a iya cire injin da ke tura ruwa sama a wanke ba tare da zarto ba.

Akwai wata matsala ta awo da ke cin mutane a kasuwa. Wasu akwatunan suna zuwa da kayan awon inci irin na Amurka, wasu da na milimita irin na Turai. Tiyon inci 1 faɗinsa ta waje milimita 33.4 ne, ɗan'uwansa na Turai kuwa 32. Na kwata uku 26.7 ne, nasu 25. A ido ɗaya suke, a hannu kuma sai ƙaramin ya shiga babbar mahaɗa yana lilo, a cika gibin da gam, ya riƙe na ɗan lokaci sannan ya saki. In za ku sayo kaya, ko a nan babbar kasuwa ko an aiko muku daga Kano, ku tafi da guntun tsohon a gwada.

Kada ƙarfe ya taɓa ruwan nan. Bawul na tagulla ko tiyon jan ƙarfe, masu kyau a banɗaki, guba ne ga murjani da dodon koɗi da jatan lande, kaɗan ya isa ya kashe su. Maɗaurin tiyo na ƙarfe kuma tsatsa yake yi a cikin tankin ƙasa, a sa na roba. Silikon da ake sayarwa don banɗaki da kicin sau da yawa yana da maganin hana funfuna a ciki, shi ma yana kashe kifi. Wanda aka yi don akwatin kifi aikinsa haɗa gilashi da gilashi ne, ba ya kama PVC da kyau, kuma sabo ba ya manne wa tsoho.

Sai maganar ɗaukewar wuta, wadda a wurinmu ta fi duk na sama muhimmanci. Da yawa daga cikin abin da ake kiranmu a kai da sunan yoyo, tankin ƙasa ne ya cika ya tumbatsa. Da zarar inji ya tsaya, ruwan sama yana ci gaba da gangarowa har ya sauka ƙasa da bakin magudana, tiyon da ke mayar da ruwa kuma ya juya yana zuƙo shi baya. Akwati mai tsawon santimita 120 da faɗin 50, kowane santimita 1 da ruwa ya sauka lita 6 ke nan ta koma ƙasa. In bakin tiyon ya nutse santimita 5, lita 30 za ta sauko, kuma dole tankin ƙasa ya kasance da wurin karɓarta. Don haka muke huda ƙaramin rami a jikin tiyon, ɗan ƙasa kaɗan da saman ruwa, iska ta shiga ta katse zuƙar. Ramin nan yana toshewa da gansakuka da gishiri, a riƙa zura masa tsinke duk mako. Bawul mai hana ruwa komawa ba ma dogara da shi shi kaɗai, ƙaramin dodon koɗi ɗaya ya maƙale a bakinsa ya isa ya hana shi rufewa.

Ku gwada da kanku kuna tsaye a wurin: ku kashe injin, ku jira ruwa ya gama sauka, ku ga inda ya tsaya. In ya kusa baki, ku rage ruwan tankin ƙasa, ku ja layi da alƙalami a jikin gilashi inda ba za a wuce ba wajen cikawa. Ku nuna wa yaron gida ko mai gadi layin nan, domin sau da yawa su ne a gida lokacin da wuta ke tafiya.

Ruwan gishiri yana ɗaukar wutar lantarki sosai fiye da ruwan famfo. In kun tarar da ƙasa a jiƙe, ku kashe daga babban makunni kafin hannu ya shiga kabad. Kada a bar soket kwance a ƙasan kabad, a ɗaga shi sama, kowace waya ta lanƙwaso ƙasa sannan ta hau zuwa soket, ta yadda ɗigon da ya biyo ta zai faɗi ƙasa.

Lokacin gyara ba sai an fitar da kifi ba. Muna tsayar da babban inji, mu bar ƙaramin da ke kaɗa ruwa a cikin akwati yana aiki, domin ruwa mai ɗumi bai riƙe iska da yawa, kifi kuma ya fi saurin galabaita da rashin iska fiye da komai. Ku tanadar mana ruwan gishirin da aka haɗa tun jiya a roba mai tsabta wadda sabulu bai taɓa ba.

In za ku kira, ku turo hoton wurin ta WhatsApp kafin a goge gishirin, tare da abin da ma'auni ya nuna. Kafin mu iso a sa roba a ƙarƙashin ɗigon, a kashe na'urar cika ruwa. Wanda yake so mu zo mu yi gwajin kashe wuta tare kafin zafi ya tsananta, ya sanar da mu cikin makon nan mu tsara rana.

Allah ya bar zumunci, ya sa mu ga damina lafiya.

Naku,
Ma'aikatan shagon kifin ado, Maradi