Wasiƙar godiya ga garejin da ke nuna wa mai mota iyakar hannunsa

Zuwa ga Maigida shugaban gareji, da makanikai, da rewaya, da yaran da ke koyon aiki a garejinku na Ƙofar Ruwa, Kano.

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, mu ne wasu daga cikin masu kawo muku mota, da direbobin haya da masu motar gida, kuma akasarinmu masu son taɓa motarsu da hannunsu ne. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowa na neman inda zai rage kashe kuɗi a kan mota, mutane da yawa sun sayi sifana sun koma bakanikan kansu. Abin da ya sa muka ga ya dace mu gode muku a bainar jama'a shi ne ba ku ɗauki wannan a matsayin taɓa muku abinci ba. Kuna nuna wa mutum aikin da zai iya yi a ƙofar gidansa, kuna kuma gaya masa ƙiri-ƙiri inda ya kamata ya ajiye sifana ya kawo muku.

Mu fara da juyen baƙin mai, tunda shi kowa ke fara gwadawa. Yadda kuke koyar da shi babu ɓoye-ɓoye. A bar inji ya ɗan yi ɗumi na kamar minti 5, a tsayar da mota a wuri miƙaƙƙe, a ja birkin hannu, kuma kada a kuskura a shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai sai an tokare ta da ƙarfen tsayarwa. Notin zubar da mai sifana 14 yake ci a yawancin Toyota, 17 a Honda. Kafin a ɗaura sabuwar filta a shafa wa robarta sabon mai, a kuma duba ko robar tsohuwar ta manne a jikin inji, domin idan roba biyu suka haɗu man zai tsiyaye a hanya mai mota bai sani ba. Da hannu ake matse filta: da zarar robar ta taɓa, a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye, shi ke nan. Notin ma a sa masa sabuwar wosha, kada a matse shi da ƙarfin tsiya, don nan ne mutane ke cinye zaren tukunyar mai, aikin rabin awa ya koma na kwana guda. Ƙananan Corolla da Camry masu silinda huɗu suna shan wajen lita 4, amma geji ne alƙali, mai ya tsaya tsakanin alamomin nan biyu bayan an tayar da inji an kashe an jira.

Kun kuma dage a kan lambar da ke rubuce a murfin mai. Injin da aka rubuta wa 5W-30 ba a ɗura masa 20W-50 don wai Kano akwai zafi. Hanyoyin mai na injin Toyota samfurin VVT-i ƙanana ne, mai kauri yana jinkirin isa sama, musamman da asubahin hunturu.

Sauran ƙananan ayyukan ma kun sakar mana su. Batir a fara cire waya mai alamar ragi da sifana 10, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa. Lafiyayye yana nuna volt 12.6 a na'urar auna wuta idan mota na kashe, tsakanin 13.5 da 14.5 idan tana kunne. Iya kilina ta takarda ba a wanke ta, a karkaɗe ƙurar, idan haske ba ya ratsa ta a canza. Iskar taya a bi takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, a auna kafin taya ta yi zafi. Lambobi huɗun nan na gefen taya su ne shekarunta: 3522 na nufin mako na 35 a shekarar 2022.

Inda kuka fi burge mu shi ne abin da kuke ƙin yi ko da mai mota ya zo da kuɗinsa a hannu. Al'ada ce a gari, mota 'yar Kwatano tana sauka a ce a cire mata tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, wai an ƙera ta ne don ƙasar sanyi. Ku kuwa kuna zaunar da mutum ku yi masa bayani. Tamostat na Toyota yana buɗewa ne a wajen digiri 82, aikinsa ya kai inji zafin da aka ƙera shi ya yi aiki da shi, ya riƙe shi a nan. Idan babu shi, kwamfutar mota tana ganin inji bai ɗumama ba, sai ta yi ta ƙara fetur. Shan mai ya ƙaru, fulogi ya yi baƙi, fetur ɗin da bai ƙone ba ya sauka ya tsinka baƙin mai. Fankar da ke juyawa ba hutu kuma ta cinye ɗan injin wutar da ke juya ta, ta wahalar da batir. Motar da ke zafi tana da dalili: lagireto ya toshe, ko murfinsa ya daina riƙe iska, ko famfon ruwa ya mutu, ko gasket ya ƙone. Shi kuke nema ku gyara. Ruwan rijiya da na famfo da ake ɗura wa lagireto ma kun hana, saboda tsatsa da farin gishirin da yake tarawa, sai ruwan lagireto na gaske. Kuma kullum kuna gargaɗin kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi.

Haka batun indomi na salansa, wato abin da ke tace hayaƙi, wanda wasu ke fasawa su sayar su bar mai mota da fitilar gargaɗin inji a kunne da lambar matsala P0420 a kwamfutar mota. A wurinku mai mota yana tsaye ake aikin salansarsa. Rewayanku ba ya naɗa waya a gurbin fis da ya ƙone, ba ya ƙara fitila ko ham ba tare da rile da fis nasu ba, don ya san da yawan gobarar mota daga nan take tashi.

Maganar mayar da mota ta iskar gas ta CNG kuwa, kun yi daidai da kuke tura mutane cibiyoyin da aka ba izinin yin aikin. Tukunyar CNG tana ɗaukar matsin da ya kai bar 200 a ma'aunin matsin iska, tukunyar gas ɗin girki ko wadda mai walda ya haɗa ba ta kusa da iya wannan. A watan Oktoban 2024 wata mota mai tukunyar haɗin gida ta tarwatse a gidan gas a birnin Benin na jihar Edo, mutane suka jikkata. Araha ba ta ado a nan.

Birki, bel ɗin taimin da giya mai canza kanta su ne kuke cewa a bar muku, mun kuma yarda. Iska kaɗan ta shiga layin birki, feda ya nutse har ƙasa. Bel ɗin taimin ya kauce da haƙori ɗaya, inji ya rasa ƙarfi. Ya tsinke, a injuna da yawa fistin ya daki bawul. Man giya kuma kowace mota da nata, na Toyota daban, na Honda daban. Ko ƙaramar na'urar nan ta karanta matsala da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari, kun koya mana cewa lamba nuni ce kawai. P0171 tana cewa iska ta fi fetur yawa, ba ta ce a sayi sabuwar sensa ba, sau da yawa tiyo ne ya tsage.

Mun gode da faɗin kuɗin aiki kafin a kwance noti, da mayar wa mutum tsofaffin kayan da aka cire, da bambance masa sabo da ɗan Baljiyam da jabu idan zai shiga kasuwa sayayya. Roƙonmu ɗaya ne, Maigida: a ajiye duro na tara tsohon baƙin mai a bakin gareji, masu juye a gida su riƙa kawowa maimakon zubarwa a kwata.

Allah ya yi wa sana'a albarka, ya tsare hannuwanku, ya yaye yaran lafiya.

Wassalam, daga abokan cinikinku masu motoci da direbobi, Kano.