Kafin a yi maganar ƙarin kuɗin wuta, a fara da mita

Malam Edita, assalamu alaikum.

Duk lokacin da aka taso da batun kuɗin wutar lantarki, muhawara kan tsaya ne kan a ƙara ko kada a ƙara. Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin masu karatu zuwa ga abin da ya riga farashi, wato wane ne yake auna wutar da ake sayar mana.

Kafin wuta ta shigo gida, hannu huɗu take bi. Tashoshi su samar da ita, babban layi ya kwashe ta zuwa nesa, kamfanin rarrabawa ya rage ƙarfinta a taransifoma ya bi da ita unguwa-unguwa, sannan mai sayarwa ya rubuta bil ya karɓi kuɗi. Kuɗin nan kuma ta hanyar da wutar ta zo yake komawa, har ya kai ga mai sayar wa tasha iskar gas. In aka kasa karɓa a ƙasa, kowa a sama sai ya ji a jikinsa.

A hannu na farko da na ƙarshe ana iya yin gasa. A wajen waya ba a iyawa, domin ba wanda zai kafa turakun wuta jere biyu a titi ɗaya. Birtaniya ta fara raba waɗannan hannuwa a 1990, kuma zuwa 1999 kowane gida yana iya zaɓen wanda zai sayar masa, alhali wayar da ta shigo gidan tana nan yadda take. Da farashin gas ya yi tashin gwauron zabo a 2021, kamfanonin sayarwa kusan 30 suka durƙushe, hukumar Ofgem mai kula da harkar makamashi a ƙasar ta miƙa abokan cinikinsu ga wasu kamfanoni, ba a yanke wa gidajen wuta ba. Gasar ba ta rasa haɗari: a Fabrairun 2021 a jihar Texas ta Amurka, waɗanda aka ɗaura bil ɗinsu kai tsaye da farashin sari sun ga bil na dubban daloli cikin 'yan kwanaki na tsananin sanyi. Amma a duk wuraren nan biyu, ba a yi gardama kan yawan wutar da mutum ya sha ba, domin akwai mita.

Najeriya ta bi wata hanyar. A Nuwamban 2013 aka fara miƙa kamfanonin rarrabawa 11 ga 'yan kasuwa, kowanne shi ke da waya, shi ke sayarwa a yankinsa. Miliyoyin masu amfani da wuta kuma ba su da mita, sai bil na ƙiyasi.

Nan ne damuwata take. Inda ba mita, kamfani kan duba abin da ya shiga layi ya raba wa gidaje. Wutar da ta salwanta a tsofaffin wayoyi, da wadda wani ya sata ta bayan fage, duk suna iya faɗawa kan wanda yake biya tsakani da Allah. To me zai sa kamfanin ya gyara wayar, ko ya bi sawun ɓarawon? Shi ma mai gida, me zai sa ya kashe fitilar waje da rana, tunda ya kashe ko bai kashe ba, bil ɗin ɗaya ne? Daga nan sai mutane su daina biya, kamfani ya ce ba shi da kuɗin gyara, wuta ta ƙara raguwa. Ciniki ne babu mudu, kuma ba a taɓa samun amana a irinsa ba. Hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki a Najeriya ta sa iyaka ga bil na ƙiyasi a 2020, hakan ya rage zafi, amma ƙiyasi ƙiyasi ne.

Na san mita mai kati ma tana da nata ciwon. In kuɗi suka ƙare, talaka yakan kwana cikin duhu ba tare da kowa ya sani ba. Maganin wannan shi ne a sauƙaƙa farashin yunit na farko ga masu ƙaramin amfani. Bai zama hujjar barin mutum ba mita ba.

A ganina, kamfanin da yake sayarwa shi ya kamata ya kawo abin awo, ya fanshe kuɗinsa sannu a hankali. A kuma sa mita a kan kowace taransifoma, don a san abin da ya shiga unguwa da abin da ya isa gidaje, a gane inda ragowar ta bi.

Ina roƙon jaridarku, duk sa'ad da wata hukuma ta amince da sabon farashi, ku tambaye ta gidaje nawa aka sa wa mita tun ƙarin baya, da awa nawa kowane layi ya samu wuta, ku buga mana amsar.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku a kullum