Masu hasashen sanyin Legas, in kun kuskure ku dawo ku faɗa

Malam Edita, assalamu alaikum, ina gaisuwa. Don Allah a ɗan ba ni fili.

Duk shekara da Nuwamba ta kama sai ka ji wasu a WhatsApp da Facebook suna cika baki wai bana hunturu zai yi tsanani a Legas, a yi ta tura saƙon daga wannan waya zuwa waccan, to Disamba ta zo ta wuce ana ta zufa ana rigimar fanka amma ba wanda zai dawo ya ce jama'a ku yi haƙuri hasashena bai yi daidai ba. Shiru kake ji, malam ya ci shirwa, baɗi kuma su sake.

Legas fa ba Kano ba ce balle Jos. Iskar hunturu daga Sahara take tasowa, ƙurar da yawa daga yankin Bodele na Chadi, kafin ta keto ƙasar nan ta iso bakin teku ta gaji, danshin teku ya kashe mata kaifi. Abin da muke samu ƙarshen Disamba zuwa Janairu hazo ne, leɓe ya tsage, motoci su yi futu-futu, wani lokacin har a jinkirta tashin jirage a Ikeja, sanyin kuma na asuba ne rana na ɗagowa shi ke nan. Duk wanda ya daɗe a garin nan ya san Yuli da Agusta gari ya fi sanyi, lokacin da hadari ke rufe rana kuma ruwan tekun kansa ya huce. Zafi kuwa sai Fabrairu da Maris.

Mai rubuta hasashen ba ya asarar ko kwabo, mu ƴan gwanjo ne ke shan ta, mutum ya kwashi jarinsa ya sayo dilar rigunan sanyi da hulunan sanyi a kasuwar gwanjo ta Katangua, kaya su kwanta masa, ƙarshe ya karyar ko ya biya kuɗin mota ya tura Arewa inda sanyin yake da gaske.

Ita NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa mai wannan aikin, tana fitar da hasashenta farkon kowace shekara, sai dai akasarinmu a Agege da Mile 12 ba ma ganinsa. Roƙona Malam Edita ku riƙa buga mana na Legas da Hausa, da wuri, kafin mu sayo kaya.

Naku,
Wani ɗan gwanjo, Agege, Legas