Kira ga masu neman karanta ilimin zamantakewa a jami'a

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku domin in ja hankalin ɗalibai da iyayensu game da ilimin zamantakewa, wato soshiyoloji, wanda ake koyarwa a jami'o'i irin su Ahmadu Bello da ke Zariya, Bayero da ke Kano da Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Da yawa suna zaɓarsa ne don gudun lissafi, kuma daga nan matsalar take farawa.

Sharaɗin shiga a mafi yawan jami'o'i shi ne kiredit biyar har da Turanci da lissafi, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. A JAMB kuma ana haɗa Turanci da darussa uku irin su gwamnati, tarihi, tattalin arziki ko labarin ƙasa, amma a duba sharaɗin jami'ar da ake so kafin a cike fam. Karatun shekara 4 ne, ko 3 ga wanda ya shiga kai tsaye aji biyu.

Sunayen magabatan wannan fanni irin su Durkheim da Weber da Marx ba su cika kayar da ɗalibi ba, balle ga wanda ya taɓa jin bayanin asabiyya, wato haɗin kan al'umma, da Ibn Khaldun ya yi a Muƙaddima tun 1377. Masu kayarwa su ne darasin ƙididdiga da na dabarun bincike. Wanda ya haddace su don jarrabawa kawai, asirinsa yana tonuwa a aji huɗu, lokacin rubuta kundin bincike mai babi biyar.

Kuskure na farko a kundin shi ne zaɓen maudu'i mai faɗi da yawa. "Matsalar shaye-shaye a Arewa" ba aikin ɗalibi ɗaya ba ne a zango biyu. A taƙaita zuwa unguwa ɗaya, rukunin mutane ɗaya, tambaya ɗaya. Sannan yawan waɗanda za a tambaya: da lissafin Yamane da aka saba amfani da shi, al'umma mai mutum 10,000 tana buƙatar kusan mutum 385 idan an yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100. Sai dai a tuna ƙidayar ƙarshe a Najeriya ta 2006 ce, don haka adadin mutanen unguwa hasashe ne, kuma wajibi ne ɗalibi ya faɗi haka a kundinsa.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne takardar tambayoyi. Ana rubuta ta da Turanci, sai ɗalibi ya riƙa fassarawa da ka a gaban kowane mutum, yau wata fassara gobe wata. Ya kamata a fassara ta Hausa a rubuce, a ba wani ya mayar da ita Turanci don a ga inda ma'ana ta zame, a gwada ta a kan mutum 20 kafin a buga sauran. Kalmar "gida" kaɗai ta isa ta rusa bincike, domin gida ɗaya yana iya ƙunsar magidanta huɗu. A tambayi mutum nawa ke ci daga tukunya ɗaya. Ɗan kasuwa ba zai faɗi abin da yake samu a wata ba, yana zaton maganar haraji ce, amma zai faɗi kuɗin cefanen jiya. Dattijon da bai san shekarunsa ba a tambaye shi ko ya yi wayo lokacin da aka fara kashe naira a 1973. Kuma kada a tilasta wa mace ambaton sunan mijinta ko na ɗan farinta, alkunya ce, tana iya sa ta yi shiru har ƙarshen hirar.

Shiga unguwa ma da ƙa'idarsa. A fara kai takardar gabatarwa daga sashen jami'a wurin mai unguwa. Namiji ba ya shiga gidan matan aure, don haka sai ya nemi mace mai taimako, in ba haka ba zai dawo da ra'ayin maza zalla ya kira shi ra'ayin unguwa. Da damina kuwa manomi ba ya gida da safe, sai bayan la'asar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗaliban da ke zama a ɗaki su cike takardun da hannunsu, ko su sayi kundin wani. Wannan ha'inci ne, kuma malami mai lura yana gane shi da zarar an zuba amsoshin a manhajar ƙididdiga ta SPSS, domin mutanen gaske ba sa amsawa bai ɗaya. Ina roƙon sassanmu su riƙa karɓar takardun da aka cike tare da kundin, su kuma fara fitar da ɗalibai aikin fili tun daga aji biyu.

Wassalam,
Mai karatunku daga Zariya