Wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ya sayar mana da kifin gofi

Zuwa ga Manajan Darakta,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Abin da ya sa na fito da wannan magana bainar jama'a shi ne amsar da ma'aikacinku ya ba ni ta waya ranar 14 ga Janairu da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, bayan makonni ana ce mini manaja ya fita. Da na shaida masa cewa kifayen da muka saya sun haihu, manyan sun cinye 'ya'yan, su manyan kuma sanyi yana kashe su ɗaya bayan ɗaya, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, kifi kuma ya haihu? Ai ba akuya ba ce. In sun mutu ka zo ka sayi wasu." Daga nan ya kashe wayar.

Ni malamin bayoloji ne a wata makarantar sakandare a Kano. A watan Nuwamba makarantar ta biya ku naira 85,000 kuɗin tankin gilashi da matatar ruwa da abinci da kifin gofi goma sha biyu da kuma hitar ɗumama ruwa, wadda rasit ɗinku ya nuna an caje mu naira 12,000 a kanta. An kawo komai ban da hitar, aka ce tana tafe cikin mako, kuma har yau shiru kake ji.

Tunda ma'aikacinku bai san hajar da yake sayarwa ba, ya zama dole in yi bayani. Gofi, wanda masana ke kira Poecilia reticulata, ba ya zuba ƙwai a ruwa kamar tarwada ko karfasa. Namijin, wanda ya fi ƙanƙanta ya kuma fi launi, yana da fiffike a ƙarƙashin cikinsa da ya zama siririn tsinke, da shi yake yi wa macen barbara. Ƙwan yana girma a cikinta tsawon kwana 21 zuwa 30, wani baƙin tabo yana ƙara duhu a ƙasan cikin, sannan ta haifi 'ya'ya masu iyo nan take. Tana kuma iya ajiye maniyyi na watanni, ta yi haihuwa bayan haihuwa ba tare da namiji ba. Wannan ne ma dalilin da ya sa muka saye shi, domin ɗalibai su gani da idonsu, kuma sun gani: wata safiya sun iske 'ya'ya kamar ƙwayar shinkafa sun maƙale a kusurwar tankin, kafin a tashi tara babu ko ɗaya. Manyan suna cin ƙanana idan babu ciyawar ruwa da za su ɓuya a ciki, abin da duk mai sana'ar nan ya sani, amma ba wanda ya faɗa mana a shagonku, ba a kuma ba mu ragar ware mai ciki ba.

Batun sanyi ya fi ci mini rai. Asalin wannan kifi ƙoramu da tafkunan Benezuwela da Guyana da tsibirin Tirinidad ne, inda ruwa ke da ɗumi duk shekara, kuma yana son zafin da bai gaza digiri 22 ba, bai wuce 28 ba. An yaɗa shi a ƙasashe masu yawa domin yana cin tsutsar sauro, har ana samunsa a kwatocin Legas, wato yana jure ƙazantar ruwa ƙwarai. Hunturun Kano kuwa, da zafin iska kan sauka ƙasa da digiri 15 da asuba, ya fi ƙarfinsa. Kifayen sun daina cin abinci, sun naɗe wutsiya sun kwanta a ƙasan tankin, fararen ɗigo sun feso musu a jiki. Saura uku yanzu. Ga shi kuma mai kawo kayan ya ce mu cika tankin da ruwan famfo kai tsaye, alhali sinadarin kulorin da ake zubawa a ruwan yana lalata musu hanyar numfashi.

Ina buƙatar ku kawo hitar da muka biya ko ku mayar da naira 12,000, ku maye gurbin kifaye taran da suka mutu, ma'aikacin nan kuma ya ba da haƙuri a rubuce. Amma maganarsa ta ƙarshe ta sa na fara zargin cewa abin ya wuce sakaci. Kamfanin da ke sayar da kifin ƙasar zafi a bakin hunturu, ya riƙe hita, bai ba da ko takarda guda ta bayanin kiwo ba, sannan ya ce a dawo a sayi wasu, ribarsa tana cikin mutuwar kifin ne. Idan ban ji daga gare ku ba kafin ƙarshen wata, zan kai rasit da hotunan tankin ga hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya.

Naku,
Malamin bayoloji, Kano